"Ai kyauta zan raba" ba ta fitar da kowa

Duk mai sha'awar haɗa gem yana da wani tsohon wasa da ke kwana a ransa, wanda ya taso yana bugawa, yana so wata rana ya sake gina shi da sabon zane da sabon sauti. Kuma kusan kowa maganarsa ɗaya ce, wai ai ba sayarwa zai yi ba, kyauta zai ɗora a intanet. To wallahi wannan ba ta fitar da kai. Dokar haƙƙin mallaka ba ruwanta da ko ka karɓi sisi, tunda ka kwashi jarumin wasan da zanensa da kiɗansa da sunansa ka raba wa duniya, ka riga ka shiga gonar mai shi.

Ku dubi AM2R, wani gem da masoyin wasan Metroid ya haɗa. Milton Guasti, ɗan Ajantina, ya shafe kusan shekara 10 yana sake gina Metroid II, wani tsohon wasan kamfanin Nintendo, ya sake shi a Agustan 2016, ba a yi kwanaki ba Nintendo ta aiko da takardar DMCA, wato takardar ƙorafin keta haƙƙin mallaka a dokar Amurka, aka sauke shi. A Agustan 2016 ɗin dai Pokémon Uranium, wanda shi ma masoya ne suka haɗa shi, ya bi sahu bayan shekara 9 ana wahala a kansa. Abin yana min ciwo matuƙa, don mutanen nan masoya ne na gaskiya, amma doka na bayan kamfanin.

Wani zai ce ai kamfanin Valve ya bar Black Mesa, wato wasansa na Half-Life da masoya suka sake ginawa, har ana sayar da shi a Steam, kasuwar gem ta intanet, kuma Sega ta ɗauki Christian Whitehead, wanda ya fara da haɗa wasannin Sonic a matsayin masoyi, ya yi Sonic Mania a 2017. Haka ne. Amma ita Segar ce ta sa aka cire Streets of Rage Remake a 2011, kun ga kenan ganin damar kamfani ne kawai, ba abin da za ka jingina shekarunka a kai ba ne.

Ni dai shawarata, ka ɗauki salon wasan, yadda ake tsalle da yadda ake cin maki, don doka ba ta kulle dabara, sannan ka zana naka jaruman ka sa naka suna. Kar kuma kamannin ya yi yawa, a 2012 kotu a Amurka ta ba Tetris gaskiya kan wani gem da ya kwaikwayi siffarsa kaf. In kuma dole sai tsohon kake so, ka yi irin na masu OpenMW, sun rubuta wa tsohon wasan Morrowind sabon inji daga tushe, wato manhajar da ke gudanar da wasan, mai bugawa shi zai kawo fayilolin Morrowind ɗin da ya saya da kuɗinsa.