Tarihin Rayuwata, kashi na 17: Ɗakin Marianne North

Assalamu alaikum 'yan uwa, wancan satin mun tsaya inda na sauka Landan, wata shida kenan da rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa. Gaskiya farkon zuwana ba daɗi, ga sanyi ga kewa, daga aji sai ɗaki, kuma tun ranar da aka kai shi ban ƙara riƙe fensir ba, ni da tun ina firamare nake zana ganyen zogale a bayan littafi shi kuma ya karɓa ya adana a durowarsa.

Wata Asabar Anti, ƙanwar Mama da nake zaune wajenta, ta leƙo ta ce, "Tashi ki sa rigar sanyi, zaman ɗakin nan ya isa haka." Muka hau jirgin ƙasa sai Kew, babban lambun tsirrai na Ingila. Mun sha yawo har ƙafa ta gaji, ruwa ya fara yayyafi muka fake a wani ɗan gini na jan bulo, ashe rabo ne ya kai ni.

Wallahi ina shiga na tsaya cak. Bangon nan kaf zane ne manne da juna ba inda za ka sa yatsa, sama da 800, kuma duk hannun mace ɗaya, Marianne North. An haife ta a Hastings a 1830, ba ta taɓa aure ba, ita ce abokiyar tafiyar mahaifinta har ya rasu a 1869. Nan ne fa jikina ya yi sanyi, don sai bayan wannan rashin, tana da shekara 40 da ɗoriya, ta ɗauki kayan fentinta a 1871 ta kama hanya ita kaɗai, Jamaika, Barazil, Japan, Indiya, Ostireliya, Afirka ta Kudu, har Chile. Fentin mai take amfani da shi, shi ya sa launin yake nan raɗau, kuma tana zana tsiro a inda ya fito, da duwatsunsa da tsuntsayensa. A Borneo ta zana wani tsiro mai kamar tulu da ke kama ƙwari, masana ba su san shi ba, daga baya suka sa masa sunanta.

Da kuɗinta ta gina ɗakin aka buɗe a 1882. Ta so a riƙa ba baƙi shayi da kofi a ciki, shugaban lambun ya ƙi, sai ta zana ganyen shayi da na kofi a gefen ƙofofi. Anti ta ce wannan mata akwai zuciya.

Abin da ya sa ni kuka shi ne kuka ɗin kanta, bishiyar kuka da ta gani a Tanjore can Indiya ta zana, ƙaton gindin nan sak wadda ke bakin gonar Baba, inda yake shimfiɗa buzu ya yi la'asar. Na fi minti goma a gabanta, Anti ba ta ce komai ba, hannuna kawai ta riƙe.

Kafin mu fita na sayi ƙaramin littafin zane da fensir biyu, a cikin jirgi na fara jan layin gindin kukar hannuna na rawa. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin malamar da ta ga zanen nan a jakata.