Asabar, 4 ga Nuwamba 2023: Bahrain ta rufe mana kakar bana

Yanzu na kashe kwamfuta. Idanuna sai yaji suke yi, barci kuma ya ƙi zuwa. Awa takwas cur na yi ina bin motoci da ido a filin Sakhir na Bahrain, tsere na bakwai kuma na ƙarshe a gasar juriya ta duniya, amma abin da ya tsaya mini a maƙogwaro ya faru ne tun ba a cika minti ɗaya da tashi ba.

Da safe na ɗauko ɗan littafin da nake rubuta makin kowace mota tun watan Maris, na sake buga lissafi, ko da na san shi da ka. Toyota mai lamba 8, ta Buemi da Hartley da Hirakawa, da maki 133 ta iso Bahrain, jiya kuma Hartley ya ƙara mata ɗaya da ya fi kowa sauri a gwajin neman sahun gaba. Tawa, wato Toyotar da nake goyon baya, mai lamba 7, ta Conway da Kobayashi da López, 118 gare ta. Wanda ya ci yau zai kwashi 38, na biyu 27, na uku 23. Ke nan ko 7 ta ci, sai motoci biyu sun shiga tsakaninta da 'yar'uwarta kafin kambun ya zama nata. Na san abu ne mai wuya. Duk da haka na zauna da fata, domin a tseren awa takwas taya kan fashe, birki kan gaji, na'ura ɗaya tak kan tsayar da mota.

Ƙarfe biyu na rana agogon Bahrain aka sake su. Toyota biyu a gaba, sauran na biye kamar an koro garke. Suna isa kwanar farko Cadillac ta ƙwace wa Earl Bamber a birki, tayoyinta suka daskare suna hayaƙi, ta zo ta daki motar Conway ta juya ta. Ƙanina da ke zaune a gefena ya miƙe tsaye, ya ce, "Yaya, ai taka ce!" Ban iya ba shi amsa ba. Ina kallo motoci suka riƙa wuce ta dama da hagu, ita kuwa tana tsaye tana jiran hanya. An hukunta Cadillac daga baya, kuma ban riƙe Bamber a zuci ba, kowa ya san yadda kwanar farko take idan kowa na neman gurbi. Sai dai hukuncin bai mayar wa Conway ko mita ɗaya ba.

Abin da ya sa ya yi mini ciwo shi ne ba yau ne farau ba. A bana babu wanda ya kai mutanen 7 cin tsere. Sun ci Sebring a Amurka, sun ci Spa a Beljiyam, sun je Monza sun ci a gaban dubban magoya bayan Ferrari, sun ci Fuji a gida Japan. Huɗu cikin bakwai. Amma a littafina, layin Le Mans nasu, wato tseren awa 24 na Faransa, fanko ne, kuma nan ne ake ba da maki ninki biyu, 50 ga wanda ya ci. Har yanzu ina ganin daren nan na watan Yuni: Kobayashi ya rage gudu kusa da kwanar Tertre Rouge saboda zai shiga yankin da aka umarci kowa ya lallaɓa, na bayansa suka afka masa. Ya yi ta fama ya ja motar zuwa gareji, ta ƙi. Ya bi doka, kuma a nan kakarsu ta karye. Ita kuwa 8 ta kai ƙarshe ta biyu, duk da Hirakawa ya zame a Arnage saura ƙasa da awa biyu, ta tafi da maki 36.

Ba zan ɓoye ba, ranar nan na yi murna da Ferrari. Shekara 50 rabonsu da babban aji, na motocin da suka fi sauri, rabonsu da cin Le Mans kuwa tun 1965, suka dawo daidai shekarar da tseren ya cika ɗari da farawa, Pier Guidi da Calado da Giovinazzi suka yi zagaye 342 a mota mai lamba 51. Na tuna tsayuwarsu ta ƙarshe da motar ta ƙi tashi nan take, ni ma numfashina ya tsaya har sai da injin ya amsa. Har gobe ana gardama kan nauyin da aka ƙara wa motoci dab da tseren, kilo 37 ga Toyota, 24 ga Ferrari. Ni dai ban ji daɗin sauya ma'auni ana saura kwanaki ba, amma nauyi bai tuƙa wa kowa mota awa 24 ba.

To, mu dawo yau. Conway bai karaya ba. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa tsince su, kuma a Bahrain wannan aiki ne mai tsada, saboda kwaltar filin tana cin taya kamar dutsen wasa wuƙa. Wanda ya matsa da yawa a farkon zango zai biya a ƙarshensa. Da rana ta faɗi aka kunna fitilun filin, lokacin da na fi so ke nan. A ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanya sai ka ga faifan birki ya yi ja wur a cikin taya kamar garwashi, ya dushe, a kwana ta gaba ya sake ruruwa. Ƙanina ya tambaye ni me ya sa makanikai ke tsaye riƙe da taya ba sa taɓa motar. Na ce masa doka ce, sai an cire tiyon mai tukuna. Muka zuba ido a tsayuwa ta gaba: direba ya fito, wani ya faɗa ciki, ana ɗaure masa bel, tiyo na fita mutanen suka zabura a tare. Bana ma an hana ɗumama taya kafin a saka, ban da a Le Mans, shi ya sa zagayen farko bayan fita gareji yake tayar mini da hankali tun ranar da Fuoco, direban Ferrari, ya daki katanga a Spa da tayoyi masu sanyi.

Kafin dare ya yi nisa 7 ta dawo ta biyu. Daga can baya zuwa ta biyu. Amma 8 ta riga ta yi nisa, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, haka ta kai ƙarshe. Ferrari mai lamba 50 ta zo ta uku. Buemi da Hartley da Hirakawa sun cancanci kambunsu, sau biyu kawai suka ci amma kullum suna kawo mota gida da maki a hannu.

Abin da ya wanke mini zuciya ya zo ne daga ƙaramin aji. Porsche ɗin nan mai ruwan hoda ta ƙungiyar Iron Dames, Sarah Bovy da Rahel Frey da Michelle Gatting, ita ta ci. Wannan ne karo na farko da mota mai direbobi mata zalla ta ci tsere a gasar, kuma a tseren ƙarshe na wannan aji da ake kira GTE, wanda daga yau ya zama tarihi. Sun daɗe suna zuwa dab da shi yana kuɓuce musu. Da Gatting ta tsallake layi, ni da ƙanina muka tafa kamar suna jin mu.

Na buɗe littafin na cike layin ƙarshe: 8, maki 172, 7, maki 145. Na daɗe ina kallon gurbin Le Mans ɗin nan. Ƙanina yana bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Yaya, sai yaushe kuma?" Na ce masa sai Maris, a Qatar za a buɗe, kuma BMW da Alpine da Lamborghini duk suna tafe babban aji. Ya ce in ja masa layi a sabon shafi, shi Ferrari zai bi. Na ja masa, na rubuta 7 a saman nawa.