Laraba: shari'ar filin Kawu

Yau na raka Kawu kotun majistare kan filinsa na bayan gari, wanda wani ya shiga ya haƙa harsashin gini har ya jibge bulo. Magatakarda ya karanto tuhumar da Turanci, "criminal trespass", tafinta ya ce kutse. Lauyanmu ya sunkuyo ya raɗa wa Kawu cewa keta haddi ake nufi. Nan take fuskarsa ta saki. "Yauwa ɗana, abin da aka yi mini ke nan."

Aka ɗage zaman. A inuwar darbejiya lauyan ya yi mana bayanin sashe na 342 na kundin Penal Code, dokar hukunta laifuffuka, wanda Arewa ta fara aiki da shi a 1960. Taka filin wani kaɗai bai isa a hukunta mutum ba, sai an nuna ya shiga da niyyar aikata laifi, ko razana mai wurin, ko wulaƙanta shi, ko ɓata masa rai. Wannan ya tsaya mini a rai. Mutum ya kawo tifar yashi filin dattijo, wace niyya kuma ake nema?

Bayan isha'i na bi asalin kalmar "trespass". Ashe ba haifaffiyar Ingila ba ce. Daga tsohon Faransanci ta fito, "trespasser", wato wucewa ko ƙetarewa, ta shiga Turanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a. Da farko kowane irin saɓo ta ƙunsa, shi ya sa har yau Kirista masu addu'a da Turanci ke roƙon gafarar laifuffukansu da ita. A ƙarni na 13 kotunan sarkin Ingila suka rinƙa ba da takardar ƙara mai wannan suna kan wanda ya daki mutum, ko ya ƙwace kayansa, ko ya fasa shingensa. Sannu a hankali maganar fili ta rinjaya a bakin jama'a. Su kuwa Faransawa yanzu mutuwa suke nufi da kalmar.

Na fi yarda da keta haddi. Haddi Larabci ne, iyaka, kuma ya ɗauko abu biyu tare: iyakar gona da iyakar mutuncin mai ita. Kutse bai kai nan ba. Mu da muka taso muna ganin "Ba shiga" a bangon zaure, muka haddace ayar Suratun Nur da ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, ba mu jira kundin doka ba.

Gobe zan je wurin mai unguwa. Akwai dattawa biyu da suka san inda gambar iyakar take kafin a tuge ta, ina so su zo shaida.