Hotunan allo ɗari shida da ban taɓa buɗewa ba

A zangon farko na aji biyu na zama gwanin ɗaukar hoton allo. Lakcar ƙarfe takwas, zauren lakca cike maƙil, mu da muke tasowa daga cikin gari a adaidaita sahu sai kujerun baya, wata rana ma a tsaye jikin taga. Malam yana sauya shafi a majigi kamar ana korarsa. Sai ka ɗaga waya, ƙyas, ka mayar aljihu, zuciyarka ta kwanta wai ka kama karatu.

Da jarabawa ta matso na buɗe wayar. Hotuna sun haura ɗari shida, a cakuɗe da na bikin yayata da rasit ɗin tura kuɗi. Wasu sun yi dishi-dishi, wasu ƙeyar na gabana ta cinye rabin lissafin. Ban ma san wanne ne na wane kwas ba. Da ƙyar na sha a wancan zangon.

Wani abokina ne ya nuna mini Google Keep, manhajar rubuta bayanai da adana su a waya. Abin da ya fara burge ni shi ne rashin nauyinta, don wayata ba ta manya ba ce, kuma ko babu data kana iya rubutu, sai an samu intanet ta tura komai cikin asusunka. Na buɗe wa kowane kwas lakabinsa. Tana kuma iya zaro rubutu daga cikin hoto, ka gyara shi ko ka nemo kalma daga baya. Da rubutun majigi da na handawut aikin yana kyau. Rubutun hannun wasu malamanmu kuwa, ko mu da ido biyu sai mun haɗa kai mutum uku kafin mu warware, balle na'ura.

Na gwada wata manhaja da ake yayinta, mai tebura da launuka iri-iri. Na ɓata mako guda ina ƙawata shafi, ban karanta ko layi ɗaya ba. Na goge ta.

OneNote na riƙe saboda tsarinta irin na littafi ne: kundi, sashe, shafi. A kwamfuta, idan kana naɗar murya kana rubutu, tana haɗa kowane layi da daidai lokacin da aka faɗi maganar. Amma naɗar muryar mutum sai da izini. Na sami wani malaminmu bayan lakca, na rusuna na ce, "Malam, don Allah ko zan iya naɗar darasin?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ka naɗa, amma kada in ji muryata tana yawo a WhatsApp." Wani kuma ya ce a'a kai tsaye, na haƙura. Gaskiyar magana, lakcar awa biyu awa biyu take ci wajen saurare, kuma ba kowa ke da wannan lokacin ba. Yanzu wurin da ya shige mini duhu kawai nake komawa.

Daga baya na ci karo da binciken da Pam Mueller da Daniel Oppenheimer suka wallafa a Amurka a 2014. Sun lura cewa ɗaliban da ke rubutu a kwamfuta sun fi kwafe maganar malami kalma da kalma, masu biro kuwa dole su taƙaita, kuma a tambayoyin da ke neman fahimta masu biron sun fi taɓukawa. Ni dai ya yi daidai da abin da ya same ni, don mai ɗaukar hoto ma bai kai mai kwafewar wahala ba.

Ga yadda nake yi yanzu. A aji biro ne da littafi, waya tana aljihu, sai in an zana wani jadawali mai wuya. Bayan sallar isha'i nake zama minti talatin ko arba'in, in sake rubuta darasin ranar a waya da bakina, ba da bakin malam ba. Sau da yawa da Hausa nake yi, sai dai kalmomin fannin in bar su yadda suke. Na sa Hausa a Gboard, wato kibod ɗin waya na Google, don in samu ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba. Duk inda na kasa bayyana abu da Hausa, na san ban gane shi ba, sai in sa alamar tambaya in tare wakilin aji ko malam washegari. Ma'anoni da ƙa'idojin da sai an haddace su nake zubawa cikin Anki, manhajar katunan tambaya da amsa, ita kuma ta riƙa dawo mini da katin da na manta akai-akai, wanda na riƙe ta jinkirta shi.

Matsalar caji tana nan daram. Ranar da aka kwana babu wuta, fawa bank ne gatana, in shi ma ya mutu sai wurin mai caji a bakin layi.

Ana saura mako biyu jarabawar zangon da ya wuce aka zare mini waya a cikin adaidaita sahu. Ban ankara ba sai da na sauka. Da daddare na ari ta ƙanwata, gabana yana faɗuwa, na shiga asusuna. Duk abin da na rubuta da bakina yana nan, kwas bayan kwas. Hotunan allon kuwa ban taɓa tura su ko'ina ba, sun tafi tare da ɓarawon.