Zuwa Yankari da tef ɗin awo

Sai da muka shiga aji uku a jami'a aka fara fitar da mu daji. Kafin nan, darasin lafiyar gandun daji a allo muke yin sa: ƙwari, cututtukan itace, gobara, fari. A farkon hunturu malaminmu ya ce mu shirya, Yankari za mu.

Mun bar Bauchi bayan sallar asuba, muka kama hanyar Gombe. A Dindima muka bar babban titi muka nufi Mainamaji, inda ƙofar gandun take. Tun a wannan tsakanin aiki ya fara. Buhunan gawayi jere a bakin hanya, kuma mai sayarwa zai gaya maka na ƙirya ya fi, domin garwashinsa yana daɗewa. Malam ya sa direba ya tsaya a wata gona da aka girbe dawa, ya nuna mana kaɗanya da ɗorawa, manya-manya, rassansu cike da kauci. Tsuntsaye ne ke yaɗa shi: su ci 'ya'yansa, ƙwayar mai danƙo ta manne a reshe, ta tsiro, ta huda itacen tana shan ruwansa. Idan ya yi yawa sai reshen ya bushe tun daga kai, 'ya'ya su ragu.

Muna ta rubuta kauci a littafi sai ya ce, "To, ku nemo mini ƙaramar kaɗanya guda ɗaya a gonar nan."

Muka zagaya har iyakar gonar, babu. Garma ta tumɓuke wasu, awaki sun cinye saura. Abin ya tsaya mini a rai, domin a ƙauyenmu ma haka gonaki suke, kuma man kaɗe da daddawa daga waɗannan tsofaffin itatuwa iyayenmu mata ke samun su. Kamar garin da ka tarar da dattawa zalla ne, ba yaro ko ɗaya.

Yankari kuwa wata duniya ce. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200. Ta zama ta gwamnatin tarayya a 1991, ta dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Daga ƙofa zuwa masaukin Wikki tafiya ce mai nisa, marke da taramniya hagu da dama.

Washegari aka raba mu rukuni-rukuni, kowanne da mai gadin daji riƙe da bindiga. Muka shata fili mita 20 kowane gefe, muka ja igiya. Kowace bishiya ana auna kaurinta a daidai ƙirji, mita 1.3 daga ƙasa, a duba ganyen samanta ko ya cika, a duba ɓawo ko akwai tabon wuta, ramin ƙwaro ko hanyar gara. Sannan mu durƙusa mu ƙirga tsiro da ƙananan itatuwa. Wannan ne ya fi cin lokaci, ga ƙudan tsando ba ya raga wa kowa. Amma a nan na ga abin da gonar can ta rasa: jikoki, 'ya'ya da iyaye duk a fili ɗaya.

Ba wai dajin ba shi da rauni ba. Kusa da kogin Gaji mun ga kukar da giwa ta ɓare wa ɓawo. Na tambayi dattijon da ke rakiyarmu, "Baba, wannan ba za ta mutu ba?"

Ya ce, "A'a 'yata, kuka tana mayar da fatarta. Wutar bazara ita ce abin tsoro."

Ya bayyana mana cewa suna sa wuta da wuri, ciyawa tana da sauran danshi, don ta ci sama-sama ta mutu. Idan aka bari sai Maris, ko mafarauci ya kunna, harshenta yakan ƙone ƙananan itatuwa ƙurmus. Da muka iske madobiya kuma, Malam ya daɗe a gindinta. Makiyaya suna sassabe ganyenta da rani, masu katako sun yi ta sare ta ana kaiwa Sin, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, ta taƙaita cinikinsu.

Da yamma maza suka faɗa ruwan ɗumin Wikki, mu kuma muka zauna haɗa alƙaluma. Kafin mu iso Bauchi na riga na gaya wa Malam abin da nake so in yi a binciken aji na ƙarshe: ƙirga ƙananan kaɗanya a gonakin Alkaleri, da jin ta bakin manoma kan abin da zai sa su bar tsiro ya girma. Ya ce in fara da gaishe da mai unguwa kafin in taka gonar kowa.