Abin da aikin rakiyar baƙi a unguwar Gion ke koyarwa

Darasi na farko ga mai raka baƙi a birnin Kyoto na ƙasar Japan shi ne Gion unguwa ce da mutane ke kwana suke tashi a cikinta. Matan nan masu farar hoda a fuska, geiko, masu sana'ar rawa da kiɗan gargajiya, da ɗalibansu maiko, in ka gan su wajen ƙarfe shida na yamma suna sauri a titin Hanamikoji, wurin aiki za su. Tare musu hanya da jan hannun rigarsu ne ya sa a 2019 aka hana ɗaukar hoto a lungunan da suke mallakar mazauna, da tarar yen 10,000. A 2024 kuma aka hana baƙi shiga wasu lungunan kwata-kwata. Wadda ka gani da rana tsaka ta tsaya ana ta yi mata hoto, galibi baƙuwa ce da ta yi hayar kaya.

Gidajen shayi da ake kira ochaya, inda geiko ke nishaɗantar da baƙi, ba sa karɓar wanda ba a gabatar da shi ba, komai kuɗinsa. Mai son ganin rawar ya sayi tikitin gidan wasan Gion Corner, ko ya zo a watan Afrilu lokacin rawar shekara-shekara ta Miyako Odori, wadda aka fara tun 1872.

Sammako shi ne maganin cunkoso. Haikalin Kiyomizu yana buɗewa da ƙarfe 6 na safe, don haka a fara da can, a gangaro ta Sannenzaka da Ninenzaka kafin shaguna su buɗe. Matakalar dutse ce, in an yi ruwa tana da santsi. Bas mai lamba 206 daga tashar Kyoto yakan cika maƙil. Gara jirgin ƙasan Keihan, a sauka a Gion-Shijo.

Mai hayar kimono, rigar gargajiyar Japan, ya lura: ɓangaren hagu ake ɗorawa a kan na dama, akasin haka suturar gawa ce. A riƙe safa mai tsabta, domin da takalmi ba a taka tabarmar tatami, kuma ƙafa tsirara ma rashin ladabi ne a ɗakin shan shayi. A can, alewar ake fara ci kafin shayin mai ɗaci, a juya kwanon sau biyu kafin a kai baki.

Baƙo Musulmi kuwa, rashin naman alade a kwano bai wadatar ba. Mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi, tana shiga miya da romo da yawa, sai an tambaye ta da sunanta.