Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Famfon da ke Cikina

Makon jiya na tsaya inda muka dawo daga Indiya da famfo a cikina. Ga wanda bai karanta ba, wani ɗan ƙarfe ne kewayayye da aka binne ƙarƙashin fatar cikina, siririn tiyo ya zagaya daga jikinsa zuwa gadon bayana, yana ɗiga wa laka maganin baclofen dare da rana. Kafin a sa shi ƙafafuna sandarewa suke yi su yi ta harbi, sau biyu suna jefo ni daga keke a tsakar gidanmu na Agege a Legas.

Ana nan sai ƙanena ya dawo daga Mile 12, ko zama bai yi ba ya miƙo mini waya. "Yaya, duba ikon Allah." Bature ne an manna masa wayoyi a wuya, ana tura wuta kaɗan-kaɗan ta fata zuwa laka, babu tiyata. ARC-EX sunan na'urar, FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da ita a Disamban 2024. Don ƙarfin hannu aka yi ta, ba don tafiya ba, amma wanda ya shekara 6 a zaune ina ya ga kunnen jin wannan?

Likitar gashin ƙashina ce ta zuba mini ruwan sanyi. Ta ce in ƙafafu ake nufi, waya ɗaya a baya ake manna ta, sauran a ciki ko ƙugu, wutar ta ratsa tsakani. "Alhaji, famfonka a kan hanyar yake, kuma da batir da ɗan inji a cikinsa." Na san sauran zancen tun a Indiya. Maganaɗisun MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ma yakan tsayar da injin na ɗan lokaci. In baclofen ya yanke farat ɗaya, ƙaiƙayi ne, zazzaɓi mai zafi, sandarewa, ruɗewa, har rai yakan tafi.

Ta kafa sharaɗi: sai likitan da ke cika mini famfon ya yarda, a karanta shi da na'ura kafin a fara da bayan an gama, wayoyin su yi nesa da shi, ƙwayar baclofen tana kusa.

Uwargida ba ta ce uffan ba sai da muka shiga mota. "Malam, ni na kwana riƙe da ƙafafun nan suna harbi. Ba ka manta ba dai?"

Ban manta ba. Duk da haka bayan isha'i na kira likitan. Abin da ya ce, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.